Baba Lokotoro, wanda ya yanke mini hannu

Daga Allah muka zo, gare shi kuma ake mai da mu ɗaya bayan ɗaya, mai daɗin baki da mai ɗacin baki. Wannan karon kira ya zo kan ƙanen mahaifina, wanda Maraɗi ta sani da Lokotoron Ƙashi, wato likitan ƙashi, mu kuwa a gida muke ce masa Baba Lokotoro. Ya cika da hantsi a gidansa na unguwar Zariya, bayan ya daɗe da ajiye aikin fiɗa a asibiti. Kafin la'asar an kai shi makwancinsa.

Na zauna zaman makoki da yawa, amma ban taɓa ganin irin nasa ba. Rumfar maza ta cika har ta toshe hanya, cikin gida ba wurin shimfiɗa tabarma, kuma duk taron nan ban ji kukan kowa ba. Mace za ta shigo ta durƙusa ta ce, "Ya haƙuri? Allah shi jiƙan shi, mutum ne mai..." sai ta tsaya tana laluben kalma. Ƙarshenta ta ce, "mai aiki." Wata tsohuwa daga Tsibiri ita ce ta fi kowa gaskiya. Ta ce, "Ni dai tsoron shi nike. Ko yanzu da na shigo gidan ga, sai da na duba ko shina zamne bakin ƙohwa."

Wani dattijo mai ƙafa ɗaya, wanda ya yi kabu-kabu, wato haya da babur, da ƙuruciyarsa, ya dogaro sandunansa har bakin ƙofar cikin gida, ya ce sai ya yi wa iyali gaisuwa da bakinsa. "Ya zage ni, ya zagi wanda ya saida mani babur, kana ya yanke ƙahwar," in ji shi. "Ga ni yau da ɗiya da jikoki. Allah shi gahwarta mishi. Amma bakin nan nashi, kai!"

Akwai kuma tambayar da kowa ya zo da ita a aljihu. Sai an gama addu'a, a matso kusa da ni, a saci kallon hannun rigata na dama da ba kowa a cikinsa, a rage murya a ce, "Shi da wan nashi hwa? Sun shirya kahin ya cika?" Wan nasa shi ne mahaifina. Ban amsa wa kowa ba a ranar. Zan amsa yanzu, da hannun da ya bar mini, domin tun ba a naɗe tabarmi ba na ji almajiransa na asibiti sun fara yi masa kwalliya, wai mai haƙuri ne, wai mai son zumunci. Da yana da rai da ya kore su da sanda. Ba na so a manta da shi, ba na kuma so a ƙera wani mutum daban a laƙa masa sunansa.

Gidanmu a Jiratawa gidan ɗori ne. Duk wanda ya karye a wannan yankin, zaurenmu ake kawo shi, tun zamanin da kakanninmu ba su fara salla ba. Kakana ya haifi maza biyu. Babban, mahaifina, ya zauna ya koyi ɗori. Ƙaramin, da aka zo neman yaran lakwal, wato makarantar boko, aka miƙa shi don ya fi taurin kai, a huta. Ya tafi, ya yi ta tafiya har ƙasashen waje, ya dawo yana buɗe fata yana haɗa ƙashi da ƙarfe. Kaka ya yi murna, a zatonsa gadon gida ne ya je ya sayo riga ya dawo.

A sana'ar gidanmu akwai doka guda da ko yaro ya sani: wanda ya ɗaura shi ke kwancewa. In wani hannu ya taɓa ƙullin, ƙashi ba zai kama ba, kuma abin zai koma kan mai kwancewar. Ba wanda ya taɓa gwadawa ya gani, kowa ya yarda ne kawai.

Ina yarinya, da damina, na faɗo daga amalanke a hanyar dawowa daga lambu, hannuna na dama ya karye wajen gwiwa. Baba, mahaifina, ya ja shi, ya yi tofi, ya shafa man shanu, ya jera kara ya ɗaure da tsumma tamau, yana yi yana lallashina. A yinin nan wasu mutane suka zo daga wani ƙauye mai nisa, wai ɗan'uwansu ya faɗa rijiya. Baba ya bi su, ya ce ba zai daɗe ba. Ruwa ya sauko, Gulbi ya cika ya raba shi da gida.

Yatsuna suka kumbura. Na yi ta ihu, mata suna cewa ƙashi ne yake kamawa. Daga baya yatsun suka yi sanyi, suka yi baƙi, zafin ya ɗauke, na yi shiru, aka ce alhamdu lillahi. Ina tuna Inna, mahaifiyata, zaune kusa da ni, hannunta na shawagi bisa ƙullin, tana kuka, ta kasa taɓawa. Sai da kawuna ya zo daga Tsibiri gaisuwa, ya shaƙi warin ɗakin, ya ɗauke ni bai nemi izinin kowa ba ya nufi asibitin Maraɗi, Inna ta biyo mu.

Baba Lokotoro ya sa almakashi ya datse ɗorin. Ya dubi hannun, ya dubi Inna.

"Ke kina da hannu biyu, kina da wuƙa a madahi. Mi ya hana ki?"

Inna ta ce, "Ba a kwance ɗorin wani."

Ya ce, "Bon," wato "to" da Faransanci. "Ni na kwance. Tsaya ki gani in aradu za ta hwaɗo mani."

Da na farka, hannun ba ya nan tun daga saman gwiwa.

A rubuta wannan da kyau: ban taɓa riƙe shi da yanke hannun ba. Da bai yanke ba da ni aka rufe. Abin da na riƙe shi da shi, abin da ya yi bayan nan ne. In an yanke wa mutum gaɓa, dangi ake ba su je su binne ta a asirce, ba taro ba magana. Kawu ya roƙa a ba shi. Baba Lokotoro ya ƙi. Ya sa aka naɗe hannun cikin farin ƙyalle aka ajiye a sanyi har labari ya zo cewa Baba ya dawo. Ya zaɓi safiyar da zaure ya cika da majinyata da dattawan gari, ya tuƙa motarsa zuwa Jiratawa, ya shiga ba sallama, ya ajiye ƙunshin bisa tabarmar wansa, ya buɗe.

"Yaya, ga aikinka. Kai ka ɗaura, kai za ka bizne."

Waɗanda suka ga abin sun ce Baba ya sunkuya. Ya rufe ƙyallen, ya rungume ƙunshin a ƙirji, ya ɗauki fartanya ya fita. Ƙanen ya bi shi da murya har waje, yadda kowa zai ji: "Ranar da ka bar ɗori, ka zo in gaishe ka. Kahin nan ba ni da wa."

Mutumin da ya dawo daga tafiya ya tarar 'yarsa ta rasa hannu ta dalilinsa, wace azaba ta rage da ba a yi masa ba? Baba yana sona fiye da yadda ake nuna son 'ya mace a ƙauye. Inna ta ce tun ranar bai ƙara dariya da sauti ba. Ni na yafe masa tun kafin ciwon ya warke, kuma tun daga lokacin abin da nake nema a duniya shi ne in ga mazan nan biyu sun zauna bisa tabarma ɗaya.

Baba bai bar ɗori ba. Ya rufe zaure na wani lokaci, amma mutane suka ci gaba da zuwa da yara a kafaɗa suna kuka, suna tsoron asibiti kamar mahauta, sai ya buɗe. Ya sassauta ɗauri, in ya ga ƙashi ya huda fata ya ce a wuce Maraɗi. Duk da haka ba zan yi ƙarya don ubana ne ba, an ci gaba da samun waɗanda suka fito daga zaurenmu suka ƙare a ƙarƙashin wuƙar ƙanensa. Kowane ɗaya kuwa Baba Lokotoro ya dawo gida ya faɗa mini shi a kan abinci, har da sunan ƙauyensu.

A gidansa na girma. Ya hana a mai da ni Jiratawa, ya ce, "Ba ta daka, ba ta ɗaukar tulu. Sai karatu." Kada kowa ya zaci gata na samu. Ya hana matarsa ta ɗaura mini zane, ya hana a wanke mini kwano. Zan yi ta fama da bakin zane ina kuka, yana tsaye ya harɗe hannuwa. "Hannu anka yanke, ba kai ba. Sake." Haka na koyi rubutu da hagu, na zama malamar lakwal, kuma ban taɓa jin ya ce madalla ba. In na kawo sakamako mai kyau sai ya ce, "Bon," ya miƙo mini takardar.

Alheri ɗaya na san ya yi mini wanda babu ƙaya a jikinsa, kuma dole in faɗe shi. Wata rana wani babban alhaji ɗan kasuwa ya zo cin abinci, ya hango ni a tsakar gida ina kai loma da hagu. Ya yi tsaki ya ce, "Wagga yarinya ba a koya mata ba? Da hannun shaiɗan?" Mayafina ya rufe kafaɗar, bai gani ba. Na ajiye lomar, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Baba Lokotoro bai yi masa bayani ba. Ya janye hannun damansa daga akushi, ya wanke na hagu, ya zura shi cikin tuwon da suke ci tare, ya ce, "A gidan ga haka muke ci. In bai yi maka ba, ƙohwa na nan." Alhaji ya tashi. Shi kuwa daga ranar har ya mutu, a gidansa da hagu yake cin abinci. Mutane suka ce zaman Turai ne ya lalata shi, bai taɓa gyara musu zance ba.

Da ya yi ritaya sai ya fitar da kujerar ƙarfe bakin ƙofa ya mai da ita ofis. 'Yan kabu-kabu su ne abincinsa. Duk wanda ya wuce da gudu ba hular kwano sai ya ɗaga sanda: "Yi ta gudu, ɗan banza! Ni na aje wuƙa, yara masu koyo za su same ka!" Wasu suka riƙa zagaye layin. Uwaye kuwa suna kawo masa hoton ƙashi ya duba, ya ɗaga shi ga rana, ya faɗa musu gaskiya tsirara, su tafi suna godiya suna share hawaye.

Nakan kai masa abinci ranar Juma'a, bayan matarsa ta rasu. A nan ne, in ya ga dama, yake waiwayen aikinsa, kuma ban taɓa jin ya waiwaya da daɗi ba. Na ce masa ya tuna waɗanda ya tayar, ga su nan suna tafiya a kasuwa da ƙarafansa a cinya. Ya ce, "Waɗannan ba su zuwa mani. Wanda ya warke ya manta ka, kai ma ka manta shi. Waɗanda na yanke su ka zuwa." Ya ce an aike shi ya koyo gyara, ya yi shekaru yana koyon yadda ake haɗa ƙashin da ya farfashe, ya dawo gida ya ƙare rabin aikinsa yana yanka abin da da an kawo shi da wuri filasta kawai zai sa. "Su ɗaure ɗiyan mutane har su ruɓe, a kai masu kaji da goro. Ni a kawo mani ruɓa, in ceci rai, a ce mani mahauci."

Duk salla sai na tayar da zancen sulhu da wansa. In ce, "Baba, ga motar maigidana, mu je Jiratawa mu dawo kafin azahar." Ya ce, "Ya bar ɗori?" In ce bai bari ba. Ya ce, "Bon." Da ƙarfin Baba ya ƙare ya miƙa zauren ga ƙanena, na ɗauka an samu hanya, na ruga na ce masa ai ya bari. Ya dube ni kamar na zage shi. "Bai bari ba. Ya haihu ne."

A bana ya zame a makewayi, ƙugunsa ya karye. Almajiransa suka yi masa aiki, yana kwance yana gyara musu riƙon kayan aiki har allura ta ɗauke shi. Aikin ya yi kyau, jikin ne ya ƙi tashi. Aka dawo da shi gida, ƙirji ya cika, ya san abin da ke tafe fiye da mu duka.

Ni na aika Jiratawa. Ƙanena ya ɗauko Baba a bayan babur, tsoho tukuf, ya sa farar rigarsa ta Juma'a, bai riƙo komai na sana'a ba. Na kama shi har ƙofar ɗakin. Ya tsaya ya yi sallama.

Daga ciki Baba Lokotoro ya ce, "Wa alaikumus salam. Amsa sallama wajibi ne, na amsa. A ruhe ƙohwa."

Baba ya ce, "Ƙanena, ni ne. Na zo mu yahi juna."

"A ruhe ƙohwa, na ce."

Na zaunar da Baba bisa dakali, na shiga na rufe ƙofar da ƙafa. Ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ranar. Na ce, "Hannun nan nawa ne! Ni anka yanke, ni na yahe! Kai mi naka a ciki?"

Ya juyo da kai da ƙyar. "Naki kika yahe. Na sauran hwa? Wa ya aiko ki ki yahe masu?"

"Ai mutuwa za ka yi, Baba."

"Na sani. Ni na karanta hoton." Ya yi tari mai tsawo. "In na buɗe mishi yau, gobe a ce Lokotoro ma ya sauko da ya ga kabari. Su ƙara ɗaurewa. Ba ni buɗewa."

Na ce masa ba don yaran mutane yake yi ba, don girman kansa ne, ya saba a ce yana da gaskiya har ya manta yadda ake zama ɗan'uwa. Ya rufe ido ya ce, "Bon." Baba ya zauna a dakalin nan har rana ta yi sanyi, duk wanda ya fito daga ɗakin sai ya ɗaga kai ya dube shi. Da la'asar ƙanena ya ɗora shi a babur suka koma.

Washegari ina ba shi kunu, ba na yi masa magana, ya ce, "Ya isa gida lahiya?" Na ce ya isa. Na tsaya da cokali a hannu ina jiran abin da zai biyo baya. Ya buɗe baki ya karɓi kunun. Bai ƙara tayar da zancen ba har ya cika.

To ga amsarku, masu tambaya. Ba su shirya ba.

Baba ne ya yi masa wanka, don ba wanda ya fi shi kusa, kuma gawa ba ta korar kowa. Bayan an dawo daga maƙabarta ya shigo cikin gida, mata suka ba shi wuri, ya zauna gabana a ƙasa. Ya daɗe yana murza bakin rigarsa, sannan ya ce, "Ɗiyata, bayan na tahi, ya ambace ni?"

Na duba duk abin da nake da shi, ban samu komai ba sai wannan guntun. Na ce, "Ya tambaya ko ka isa gida lahiya."

"Ya tambaya?"

"Ya tambaya, Baba."

Tsohon nan ya rufe fuska da hannuwa biyu ya yi kukan da ba wanda ya yi a gidan. Yanzu an ce duk wanda ya je masa gaisuwa a Jiratawa sai ya riƙe shi ya ce, "Ƙanena ya tambaye ni. Ya ce na isa gida lahiya?" Da wannan yake kwana, da shi yake tashi. Abin da ya samu ke nan daga ɗan'uwan da suka sha nono ɗaya, kuma in na tuna sai in ji wuta a ƙirjina.

Baba Lokotoro ya ceci raina, ya ba ni karatu, ya ci tuwo da hagu saboda ni. Yana da gaskiya a kan ɗori, na kuma san akwai masu tafiya da ƙafafunsu yau saboda zafin bakinsa. Duk na shaida, zan kuma shaida gaban Allah. Amma an ce mu yafe masa kafin a ɗaga makara, kowa ya ce ya yafe, ni na motsa baki kawai. Ina ƙoƙari, ban kai ba tukuna.

Ya Ubangiji, ga bawanka nan ya zo maka da aikinsa da halinsa. Ka auna masa rayukan da ya ceta, ka sanyaya masa makwanci, ka ba mahaifina haƙuri, ni ma ka sassauta mini zuciya. In ya tsaya a ƙofarka ya yi sallama, kada ka yi masa yadda ya yi wa wansa. Ka buɗe masa.